Uwargida, Kada Ki Sayar Wa 'Yan Gwangwan Tsohuwar Kwamfutar Nan

Uwargida, idan akwai tsohuwar kwamfutar tebur da ta sha ƙura a ɗakinki, dakata kafin ki miƙa wa 'yan gwangwan. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yaron da ya taso daga Dayi bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, lalube zai cinye masa lokaci ko da ya san amsa.

Za ki ce ai ta tsufa, ga nauyi. Gaskiya ne, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa yawancin tsofaffin na'urori. Mafita ita ce Linux, manhajar kyauta da Linus Torvalds ya faro a Finland a 1991. A kanta ma aka gina Android ɗin wayar da ke hannunki.

A kai wa mai gyara a Malumfashi ko Funtuwa, a ce ya sa Linux Mint. RAM 2GB da sararin ajiya 20GB sun ishe ta. Amma kafin ya fara, ki tabbatar ya kwashe hotunan biki da takardun Maigida zuwa filashi, domin idan aka goge ba sa dawowa. A kuma tanadi janareta saboda ɗaukewar wuta.

Tana zuwa da LibreOffice na koyon buga rubutu. Ki ce ya ƙara GCompris, wasannin lissafi da haruffa na ƙanana. Duka biyun ba sa cin data. Ko rabin awa ce bayan Islamiyya, ta isa hannun yaro ya saba.