Mariyon da ba mu taɓa bugawa ba

Duk wanda ya taso a Karaye ko Rogo, in dai ya taɓa zama gaban talabijin da kaset ɗin gem mai "999 in 1", ya san Mario. Amma akwai wasannin gidan Nintendo da ko a Japan ba kowa ya gani ba.

Labarin ya faro ne a 1981, lokacin da Shigeru Miyamoto ya ƙirƙiro Donkey Kong, injin wasa da ake jefa wa tsaba. Da wasan ya karɓu, sai Nintendo ya ba kamfanin Hudson Soft izinin kai jarumansa kwamfutocin gida irin su NEC PC-8801 da Sharp X1. A 1984 suka fitar da Punch Ball Mario Bros., inda Mario ke jifan abokan gaba da ƙwallo. A 1986 kuma ga Super Mario Bros. Special. A wannan, allon ba ya tafiya tare da kai. Sai ka kai ƙarshensa sannan ya juya, ko da rami na jiranka a gaba.

Yau samun kwafinsu sai an sha wuya, domin faifan da aka ɗora su yana lalacewa da shekaru. Masoya ne ke saye a gwanjo, su kwafe, su adana.

Mu fa? Tun Turmin Danya na 1990, kaset nawa na finafinan Hausa ke cin ƙura a shagunan Kano? In akwai a ɗakin Baba, a kwafe shi tun bai mutu ba.