TSATSA DA AMALANKE

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, karatunmu na yau bisa amalanke ne da babbar abokiyar gabarsa, wato tsatsa.

A Bambeye da sauran garuruwan Adar, gidan da ke da amalanke ya rage rabin wahala. Da shi ake kai taki gona. Da shi ake kawo dammunan hatsi gida. Da shi ake ɗauko ruwa, da kara, da ƙasar gini. Ran Lahadi shi ke kai kaya kasuwar Tawa. In mace ta wahala wajen haihuwa da tsakar dare, sau da yawa shi ne motar kai ta asibiti. Tun shekarun 1980 ma'aikatar ACREMA ta Tawa ta yi suna wajen ƙera amalanke da garma. Yanzu masu walda na gari ma suna ƙerawa. Amma ko wa ya ƙera shi, kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wani sai ya saida sa, wani sai ya yi damina biyu yana tari, wani kuma kuɗin ci-rani ne ya zuba ciki.

To, abin da anka saye da wanga tsada, bai kamata a bar tsatsa ta cinye shi ba.

Mi ke kawo tsatsa?

Abu uku ke haɗuwa su yi tsatsa: ƙarfe, da ruwa, da iska. In an raba ƙarfe da ruwa, ba tsatsa. In an rufe shi yadda iska ba ta taɓa shi, ba tsatsa. Duk dabarun da za mu gani, kan wannan suka tsaya.

Tsatsa ba datti ba ce da ta zauna bisa ƙarfe. Ƙarfen ne da kansa ya ruɓe ya koma jar ƙasa. Tana kumbura, ta yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ta sake kama sabon wuri daga ƙasa. Kullum ƙarfen yana ƙara sirancewa. Ɓawon kuma yana riƙe laima kamar soso, shi ya sa wurin da ya fara tsatsa ya fi saurin ci gaba.

Wani zai ce: “Malam, ai ƙasarmu busasshiya ce, damina wata uku ce ko huɗu.” Gaskiya ne, ƙarfe ya fi daɗewa nan bisa ga ƙasashen bakin teku. Amma amalanke ba ruwan sama kaɗai yake sha ba. Kullum ruwan tano da na jarka yana zuba bisa shi. Yana shiga tabki. Yana kwana cikin turken dabbobi. Yana ɗaukar kayan da ke cin ƙarfe.

Kayan da ke cin ƙarfe

Gishiri ne na ɗaya. In gishiri ya narke cikin ruwa, tsatsa na ƙara sauri ƙwarai. Kuma gishiri yana jawo laima daga iska, ko ba a yi ruwa ba. Saboda haka buhun gishiri ko na kanwa da ya yoye bisa amalanke ya bar aiki baya gare shi.

Na biyu takin zamani, irin su ure da 15-15-15. Shi ma dangin gishiri ne wajen cin ƙarfe. Ku duba shebur ɗin da anka ɗebi takin zamani da shi anka aje ba wanki, bayan kwana kaɗan za ku ga ya yi ja.

Na uku takin gida da fitsarin dabbobi. Jiƙaƙƙen taki yana manne wa lungunan amalanke, ya yi kwanaki bai bushe ba.

Na huɗu laka. Lakar tabki da ta fadama tana liƙe wa ƙarƙashi, inda ido ba ya gani. Waje ya bushe, ciki da danshi.

Masu shiga tabki

Wannan sashe ya fi shafar masu ɗebo ruwa da masunta. A Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa bisa hanyar Agadas, akwai babban tabki da ake su da noman rani. Akwai wani kuma a Dan Dutsi. A shekarar 2005 an sa su biyun cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya. Ban da su, ga ƙananan tabkuna na damina ko'ina. Wanda ke ɗora kwalekwale ko tano bisa amalanke yakan so ya ja da baya har cikin ruwa, don aiki ya yi sauƙi.

A Turai da Amurka, masu ƙananan jiragen ruwa suna da wani irin amalanke da mota ke ja. Da shi suke kai jirgi bakin teku, su tura shi cikin ruwa. Ruwan teku kuwa, kowace lita ɗaya tana da gishiri kimanin giram 35. Don haka in sun fito, abin da suke farawa da shi shi ne wanke amalanken da ruwan daɗi, sannan su duba man da ke cikin ƙafafu. Wannan dabara ta yi mana amfani mu ma.

Ga abin da ya kamata ku sani. Cikin cibiyar kowace ƙafa akwai boris, wanda wasu ke ce wa rulma. Ƙananan ƙarafa ne masu juyawa cikin giris. In cibiyar ta ɗau zafi da tahiya da rana, anka tsoma ta cikin ruwan sanyi, iskar da ke ciki sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa da yashi. Ruwan ya lalata giris, yashin ya niƙe ƙarfen, tsatsa ta ƙarasa sauran. Saboda haka:

Ku tsaya bakin ruwa. In dole ne a shiga, kada ruwa ya kai cibiyar ƙafa.

In kun yi doguwar tahiya, ku bari ƙafafun su huce tukuna. Jaki ma ya samu ya huta.

In kun fito, ku zuba ruwa mai tsabta ku wanke lakar tun ba ta bushe ba.

Yadda ake duba amalanke

Ku kwance jaki. Ku samu wuri mai haske, ku sa a kama muku ku kife amalanken ko ku jingine shi. Tsatsa ta fi son ƙarƙashi.

Ku duba wuraren walda, don nan take fara kamawa. Ku duba inda katako ya kwanta bisa ƙarfe, don ruwa na laɓewa tsakaninsu. Ku duba noti da ƙusoshi. Ku duba sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafu biyu, ita ce ke ɗauke da dukan nauyi.

Ku ɗauki ƙaramar guduma ku ƙwanƙwasa. Ƙarfe mai lafiya yana ƙara rau. Wanda ya ruɓe muryarsa a dushe take, ɓawo kuma yana zuba.

Hannuwan amalanke, waɗanda jaki ke shiga tsakaninsu, sau da yawa bututu ne, cikinsa rami. Irin wannan daga ciki yake ruɓewa, waje da fenti tsaf. In bakin bututun a buɗe yake, ku toshe shi da icce ko roba. Ku sa mai walda ya huda ƙaramar kafa daga ƙasa, don ruwan da ya shiga ya samu mafita.

Sannan ƙafa. Ku ɗaga gefe ɗaya, ku tokare da dutse ko kututture mai ƙarfi. Ku juya ƙafar da hannu. In tana juyawa shiru, lafiya lau. In tana gurnani kamar ana niƙa, boris ya fara mutuwa. Ku kama ta sama da ƙasa ku girgiza. In tana rawa, a je wurin mai gyara tun kafin ta fita bisa hanya.

Maganin tsatsa

Aikin yana da matakai huɗu, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

1. Wankewa. A cire laka da taki da tsohon mai. A bar shi ya bushe sarai.

2. Kankarewa. Da burushin ƙarfe, ko tsohuwar wuƙa, ko samfefa. A kankare har farin ƙarfe ya fito. Sannan a goge ƙurar da tsumma. Wanda ya shafa fenti bisa tsatsa ya zubar da kuɗinsa, don tana ci gaba da ci daga ƙasa, fentin ya kumbura ya ɓare.

3. Fentin hana tsatsa. Shi ake fara shafawa, galibi ja ne ko ruwan toka. A yi shi ranar da anka kankare, kada ƙarfen ya kwana tsirara. A cusa shi cikin lungu-lungu da wuraren walda.

4. Fentin mai. Bayan na fari ya bushe, a shafa na biyu. Shafa biyu marasa kauri sun fi shafa ɗaya mai kauri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, kafin ruwan fari, sa'ad da komi ya bushe. A yi cikin inuwa, ran da ba iska mai ƙura.

Kada ku ga kamar fenti ado ne kawai. A birnin Paris na Faransa akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe, ana ce mata Eiffel. An gama ta a 1889, har yau tana tsaye. Dalili shi ne, kamar kowace shekara 7 ana sake mata fenti, kimanin tan 60 kowane karo.

Wuraren da ke juyawa ko ake kwancewa ba fenti suke so ba, giris suke so. Ku buɗe murfin cibiya ku duba. In giris ɗin ya yi fari-fari kamar nono, ko ya yi ja, ruwa ya shiga. A cire boris, a wanke da gazuwal, a bar shi ya bushe, a cika da sabon giris. In murfin ya ɓace, a nemi wani, ko a ɗaure wurin da robar tsohuwar taya kafin a samu. Noti ma a ɗan shafa masa giris, don ran da taya ta fashe a daji ya kwantu ba wahala.

Wanda ba shi da kuɗin fenti yana iya shafa baƙin mai a ƙarƙashin amalanke. Yana taimakawa, sai dai ba ya daɗewa, sai an riƙa sakewa. Kada ya taɓa taya, don mai yana lalata roba.

Ajiya

Ku yi wa amalanke rumfa, ko ta zana ce. Ku aje shi nesa da fitsarin dabbobi. Ku karkata shi kaɗan don ruwa ya gangare. In za ku ɗauki gishiri, ko kanwa, ko takin zamani, ku shimfiɗa leda ko tsofaffin buhuna, in an sauke ku share ku wanke. In za ku tahi ci-rani amalanken ya daɗe ba aiki, ku ɗora shi bisa duwatsu, ƙafafun su bar ƙasa.

Kiyaye lafiya

Tsatsar da ake kankarewa tana faɗawa ido. Ku kare idanunku, ku ɗaura ƙyalle a hanci, yara su matsa nesa. Wasu fentoci suna da dalma ciki, guba ce ga yara ƙwarai. Kada gwangwanin fenti ya koma na shan ruwa. Baƙin mai kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya, kada a shafa shi ga gyambon jaki.

Kada a yi walda bisa ƙarfen ƙafa alhali taya na jikinsa, tana iya fashewa ta kashe mutum.

In tsohon ƙarfe ya yanke ku, ku wanke da ruwa da sabulu, ku tahi likita ranar. Ƙwayar ciwon tetanos, mai sanƙarar da wuya da haƙora, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, ta rauni take shiga jiki. Akwai allurar rigakafinta.

Ƴan'uwa, amalanken da tsatsa ta ci ba ya karyewa yana tsaye cikin gida. Sai an yi masa lodi, ana tsakiyar hanya ko ana gangara dutse, sannan yake karyewa. Ranar ana iya hasarar kaya, jaki ya ji ciwo, ko yaron da ke kora. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ku sa wa kanku lokaci biyu a shekara na duba shi: kafin damina, da bayan an gama kai amfanin gona gida.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ke haɗuwa su yi tsatsa?
2. Don mi ba a shafa fenti bisa tsatsa?
3. Mi ke faruwa in cibiyar ƙafa mai zafi ta shiga ruwa?
4. Yaya ake gane boris ya fara lalacewa?
5. Rubuta sunayen kaya huɗu da ke cin ƙarfe.

Aikin gida: kowa ya duba amalanken gidansu ko na maƙwabcinsa, ya rubuta wuri uku da ya ga tsatsa, ya kawo mu karanta tare.