Kalmomin Ajiyar Zuciya da na Fata a Ingilishi

Ɗalibin kwaleji a Madawa, Buza ko Keita yakan fara Ingilishi ne bayan ya yi shekara shida yana karatu da Faransanci, don haka kafin ya haɗa jimla sai ya ratsa ta Faransancin. Wani lokaci hanyar ta fisshe shi, wani lokaci ta ɓatar da shi.

A wajen ajiyar zuciya tana fisshe shi. Inda Bafaranshe ke cewa heureusement, Bature na da fortunately, luckily da thankfully. Duk ukun waiwaye suke yi: an ji tsoron abu, Allah ya kiyaye. Akan sa su a farkon jimla, a bi su da waƙafi, domin ra'ayin mai magana suke ɗauke da shi a kan zancen gaba ɗaya. Manomin kwarin Magiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska, zai iya cewa: "Fortunately, the trees stopped the wind." Amma ba ɗaya suke ba. Luckily sa'a ce tsagwaronta, kamar wanda ya iso tasha a makare ya tarar mota ba ta tashi ba. Thankfully kuwa akwai godiya a cikinta, ita ce ta fi dacewa da bakin da ya saba da Alhamdu lillahi.

Hopefully ce mai wuyar sha'ani, domin Faransanci ba shi da kalma guda da ke yin aikinta. Gaba take kallo, ga abin da bai faru ba. Mai albasa a Madawa zai ce: "Hopefully, the price will rise." Idan kuwa farashin ya riga ya tashi, thankfully zai ce; nan ne ɗalibai ke yawan tuntuɓe.

Turawan ma sun daɗe suna gardama a kanta. Ma'anarta ta asali ita ce yin abu cikin fata, sai a shekarun 1960 amfani da ita a farkon jimla don nuna fatan mai magana ya bazu a Amurka, masu tsantseni suka yi ta sukarsa. Kamfanin dillancin labarai na AP bai amince da shi ba sai 2012. A ganina sukar ba ta da tushe, tunda ba wanda ya hana fortunately irin wannan aiki. Duk da haka, ɗalibi, in kana gaban takardar jarrabawar BEPC kuma kana shakkar mai gyara, rubuta "I hope that", ba wanda zai ja maka jan layi.