Bishiyoyi Masu Mamaye Wuri: Ko Akwai Magani a Jikinsu?

Shafin kimiyya na wannan fitowar ya leƙa duniyar bishiyoyi, musamman waɗanda aka ɗauko daga wata ƙasa aka dasa a wata, suka yaɗu har suka fara korar 'yan gida. Masana suna kiran su bishiyoyi masu mamaye wuri. Manoma da jami'an gandun daji suna kuka da su, amma masu binciken magunguna sun sa musu ido. Me ya sa?

Bishiya ba ta da ƙafar gudu. Idan fara ta sauka a kanta, ko tsutsa ta kama ganyenta, ko ruɓa ta shiga saiwarta, ba ta da inda za ta. Makaminta shi ne sinadaran da take haɗawa a ganye da ɓawo da 'ya'ya. Wasu suna da ɗaci don dabba ta ƙi ci, wasu suna kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma suna hana tsiron da ke kusa girma. Idan aka kai irin wannan bishiya baƙuwar ƙasa, ta baro ƙwarin da suka san lagonta a gida, na sabon wurin kuma ba su saba da makamanta ba. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa ta yi ƙarfi. To sinadarin da ke iya kassara ƙwaro ko ƙwayar cuta a jikin bishiya, shi ne mai bincike yake tambaya ko zai yi aiki a jikin mutum. Ga misalai uku.

Na farko shi ne bishiyar sinkona, wadda asalinta duwatsun Andes ne na Kudancin Amurka. A shekarar 1820 wasu Faransawa biyu masu haɗa magani, Pelletier da Caventou, suka ciro kwinin daga ɓawonta. Kwinin ya shafe fiye da shekara ɗari yana kan gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma har yau likitoci suna amfani da shi a wasu lokuta. Sai dai wani nau'in wannan bishiya da aka kai tsibirin Santa Kuruz na Galafagos, a ƙasar Ikwado, ya zama alaƙaƙai. Iska tana watsa irinta, inuwarta tana danne ƙananan tsirran tsibirin waɗanda ba a samun wasunsu a ko'ina a duniya. Bishiyar da ta ceci rayuka, ita ce ake kashe kuɗi ana sarewa a can.

Na biyu wata bishiya ce 'yar Barazil mai jajayen 'ya'ya ƙanana kamar masoro, shi ya sa ake ce mata bishiyar masoron Barazil. Danginsu ɗaya da mangwaro da kashu. An kai ta jihar Fulorida ta Amurka don ado, sai ta cika dazuzzuka da bakin ruwa. A ƙasarta ta asali an daɗe ana sa ta a miki. Wannan ya sa wata masaniyar tsirrai, Cassandra Quave ta Jami'ar Emory, da abokan aikinta suka gwada ta. A 2017 suka bayyana cewa abin da suka tace daga 'ya'yanta ya hana gyambo fitowa a fatar ɓerayen da aka sa wa wata bakteriya mai taurin kai da ake kira MRSA, wadda magunguna da yawa sun daina yi mata aiki.

Abin sha'awa shi ne yadda abin ya yi aiki. Bai kashe bakteriyar ba. Waɗannan ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadari, idan suka ji sun yi yawa sai su saki gubarsu a tare. Abin da aka tace daga bishiyar ya toshe wannan saƙon, kamar a ce an katse wa sojoji waya a filin daga. Amma mu lura, gwajin a kan ɓeraye aka yi. Bai zama maganin da za a saya a kemis ba, kuma ruwan jikin bishiyar kansa yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje.

Na uku yana ƙofar gidanmu: dogon yaro, wadda wasu ke kira darbejiya ko maina. Da yawanmu mun ɗauka 'yar gida ce, alhali asalinta yankin Indiya da Bama ne. A farkon ƙarni na ashirin, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka kawo ta Afirka ta Yamma. Ta yi mana rana sosai: ga inuwa, ga itacen girki, ga asuwaki, ga tare iska. A kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar an dasa dogayen layuka nata tun daga 1975 don kare gonaki daga iska mai kwashe ƙasa. Amma tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yanta suna yar da ƙwallon ko'ina, shi ya sa za ka ga ta tsiro a gindin katanga da ƙarƙashin wasu bishiyoyi ba tare da kowa ya shuka ba. A filayen da ke kewaye da Akara ta Gana ta mamaye daji, a arewacin Ostireliya kuwa hukuma ta saka ta cikin jerin tsirran da ake yaƙa.

Ɗacin nan nata ba na banza ba ne. A 1942 masanin sinadarai Salimuzzaman Siddiqui ya ciro wani sinadari daga man 'ya'yanta, ya sa masa suna nimbin. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farin ɗango sun cinye kusan duk wani kore amma sun bar dogon yaro. Daga baya, a 1968, masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke da alhakin haka, wato azadiraktin. Yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana tsutsa saɓa ta girma. Yau ana sayar da shi a matsayin maganin feshi na gona. Ashe manomin da ke zuba busasshen ganyenta cikin rumbu yana da hujja.

Ta ɓangaren lafiyar mutum, akwai sinadarai biyu da ake yawan ambata. Gedunin ya nuna yana hana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro girma a cikin kwanon gwaji. Nimbolayid kuma ya nuna yana kashe wasu ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin bincike da jikin ɓeraye. Labari ne mai daɗi, amma babu ɗaya daga cikinsu da aka amince da shi a matsayin maganin asibiti.

Me ke kawo jinkiri? Tafiyar tana da tsawo. Za a tsinko ganye ko ɓawo, a busar, a niƙa, a jiƙa a ruwa ko wani sinadari mai narkarwa, sannan a rarrabe ɗaruruwan abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna alamar aiki a kwanon gwaji sai a gwada shi a dabba. Idan ya tsallake, sai a shiga gwaji a kan mutane mataki uku: a ga ko yana cutarwa, a ga ko yana aiki da adadin da ya dace, sannan a kwatanta shi da maganin da ake da shi a kan mutane masu yawa. Wannan kan ci fiye da shekara goma, kuma mafi yawan sinadarai a hanya suke faɗuwa. Wani hanji ba ya tsotse shi, wani hanta take rugurguza shi kafin ya isa inda ake so, wani kuma sai ya taɓa ƙoda.

A nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Ganyen da aka tafasa a tukunya ba wanda ya san yawan sinadarin da ke cikinsa, domin yana canzawa da bishiya da ƙasa da lokacin shekara. Likitoci a Indiya da Malesiya sun ba da rahoton jarirai da aka ɗura wa man dogon yaro suka kama amai da jijjiga da suma, wasu ma suka rasu. Saboda haka kada a ba jariri, kuma mai juna biyu ta kiyaye. Ɗalibin da ya ji zazzaɓi ya je asibitin makaranta ko na unguwa a yi masa gwajin jini. Zazzaɓin cizon sauro yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro cikin 'yan kwanaki, kuma akwai ingantaccen maganinsa.

Haka kuma samun sinadari mai amfani bai zama dalilin barin bishiya ta cinye daji ba. Idan darbejiya ta maye gurbin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo, mun yi asarar daddawa da man kaɗe da takin gona, da magungunan da ke jikinsu waɗanda ba a gama bincike a kansu ba. Abin da masana ke fata shi ne a rage masu mamaya inda suka yi yawa, a kuma ci moriyar abin da aka sare maimakon a ƙone.

Ga ɗan aiki ga 'yan ajin kimiyya. Ku zuba wake daidai wa daida a kwalabe biyu, ɗaya da busasshen ganyen dogon yaro, ɗaya babu. Ku rufe da ƙyalle, ku riƙa ƙirga waken da ƙwaro ya huda duk mako har wata biyu, tare da malamin bayoloji. Ku kawo mana sakamakon, ko ya yi daidai da zatonku ko bai yi ba, za mu liƙa shi a wannan allon. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.