Zobe da faifai: inda harshe ke tuntuɓe a lissafin da'ira

Da yawa daga cikinmu mun taɓa zama da ƙane ko ƙanwa bayan sallar isha'i muna taya su aikin gida. Tambayar takan zo da Faransanci, bayanin kuma da Hausa. Ga irin wadda ake yawan gani: fili ne mai siffar da'ira, daga wannan baki zuwa wancan ta kan cibiya mita 14, a nemo girmansa. Yaron ya haddace ƙa'idar, π × r², amma amsarsa takan fito 44 ko 616, alhali daidai shi ne 154. Idan aka bi sawun kurakuran nan biyu, za a tarar daga kalmomi suka faro.

Faransancin aji yana bambanta *cercle*, wato layin da ya kewaye, da *disque*, wato shimfiɗar da ke cikinsa. Mu kuwa da'ira muke cewa duka biyun, kalmar da muka aro daga Larabci. Sai dai Hausa ba ta rasa abin bambantawa ba: zobe baki ne kawai, faifai kuwa cikakke ne. Zobe tsawonsa ake aunawa da igiya, faifai kuma ana tambayar murabba'i nawa za su rufe shi.

Kalmar faɗi ita ma fuska biyu gare ta. Muna cewa faɗin ɗaki mita 4, muna nufin layi. Muna kuma cewa faɗin ƙasar Nijar murabba'in kilomita 1.267.000, muna nufin shimfiɗa. Yaron da aka ce wa ya nemo faɗin da'ira yana da hujja idan ya ce ai an riga an ba shi, mita 14 ne. Wanda kuma bai rarrabe *diamètre* da *rayon* ba, zai ɗauki 14 a matsayin r, ya sami 616, ninki huɗu na amsar gaskiya. Harafin r tazara ce daga cibiya zuwa baki, wato mita 7.

Saura ƙaramin 2 ɗin da ke bisa r. Idan mai bayani ya ce "r sau biyu", yaro zai yi 7 × 2 = 14, ya ninka da 22/7, ya sami 44. Wannan lamba ba shirme ba ce, tsawon zoben ne. Ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Abin da ya kamata a faɗa shi ne "r sau kansa": 7 × 7 = 49, sannan 49 × 22/7 = 154, murabba'in mita.

To, daga ina ƙa'idar ta fito? A yanka faifan takarda gida goma sha shida, kowane yanki daga cibiya zuwa baki. A jera su kai da ƙafa, wannan tsininsa sama, na kusa da shi tsininsa ƙasa. Abin da zai fito ya kusa zama siffa mai kusurwa huɗu. Tsayinta r ne. Tsawonta rabin zobe ne, domin rabin bakunan suna sama, rabi suna ƙasa. Zobe duka 2 × π × r ne, rabinsa π × r. Tsawo sau tsayi ya ba da π × r × r. Gwargwadon ƙanƙantar yankunan, gwargwadon miƙewar gefen siffar.

Ita π kuwa, ita ce adadin da ake samu idan aka raba tsawon zobe da layin da ya ratsa cibiya, kuma ba ta sauyawa, ko bakin ƙwarya aka auna ko gindin rumbu. Arkimidis na Sirakusa, a ƙarni na 3 kafin miladiyya, ya nuna tana tsakanin 3 da 10/71 da kuma 3 da 1/7. Saboda haka 22/7 da 3,14 kusantawa ne kawai. Da 3,14 amsarmu za ta zama 153,86.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Littattafan lissafi za su buƙaci kalmomi tsayayyu, kuma ɗaliban ilimin harsuna ne za a nema. Ƙirƙirar kalma a kan tebur ba ta isa ba. Sai an kai ta aji, an ga irin amsar da take sa yaro ya rubuta. Wanda zai je hutu gida, ya gwada zobe, faifai da "sau kansa" a kan ƴan'uwansa, ya rubuta abin da suka amsa, ya kawo mu tattauna.