Haɗa Sauti a Intanet: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

A Sabon Maci, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, saƙon murya ya fi rubutu saurin tafiya. Wa'azi, farashin gero, sanarwar suna, duk ta WhatsApp suke yawo. Shi ya sa shafukan intanet masu haɗa guntayen sauti su zama guda suka samu karɓuwa, maganganu kuma suka yi yawa a kansu. Bari mu rarrabe tsaki da tsakuwa.

"Sai da kwamfuta." Ba haka ba ne. Wayar Android mai Chrome ta isa: ka buɗe shafin, ka zaɓi guntayen, ka jera su, ka sauke. Ɗalibi na iya jera surori bi da bi don tilawa.

"Ba ya cin mega." Ya danganta. Minti ɗaya na MP3 mai matsakaicin inganci kusan mega 1 ne, wa'azin awa guda kuwa kusan mega 60. In shafin na ɗora sauti sannan a sauke, kuɗin ya ninka.

"Suna kwashe muryar mutum." Akwai ƙamshin gaskiya. Wasu shafukan na tura sautin zuwa na'urorinsu, wasu kuwa cikin wayarka suke aikin. Gwajin mai sauƙi ne: shafin ya gama buɗewa, ka kashe intanet. In haɗin ya yiwu a haka, aikin a hannunka ya gudana. Maganar sirrin gida dai, kada a kai ta shafin da ba a sani ba.

"Haɗawa na gyara murya." Ƙarya ce. Saƙon WhatsApp a tsarin Opus yake, an riga an matse shi. Mayar da shi MP3 sake matsewa ne, sai dai ingancinsa ya ragu.

"Tunda muryarsa ce, shi ya faɗa." Wannan ce mai raba zumunci. Ana iya yanke "ba" daga maganar malami, hani ya koma umarni. Ka kasa kunne: carar zakara ta katse a tsakiya? Hayaniyar kasuwa ta ɗauke farat ɗaya? To an yi ɗori. Ka nemi cikakken sautin, ko ka kira mai maganar. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet na hukunta ɓata suna da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a, alhakin ɗan'uwanka kuma ya fi ta nauyi. Kafin ka tura, ka tabbatar.