Bakatsinen Da Ya Koyar Da Lissafi A Misira

'Yan uwana mata, in akwai abin da na tsana ina aji uku na sakandare, to lissafi ne. Ranar da aka ba mu sakamako na zo gida Dandamisa da jan biro a takardata, Baba ya duba, ya ce in aka sake haka to karatu ya ƙare, dama ga masu zuwa gaisuwa nan sun dame shi. Wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Da daddare ina kuka a zauren kakana, Malam, sai ya jawo allonsa. Ya zana gida tara irin na hatimi, ya ce, "Ke 'yar boko, zuba mini ɗaya zuwa tara a nan, kowane layi ya ba da sha biyar, a tsaye, a kwance, har da na karkace." Na yi ta gogewa har fitila ta kusa shanye kananzir. Sai ya yi dariya ya rubuta 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ku gwada ku gani. Ni dai baki na saki, don a da na ɗauka hatimi na laya ne kawai, ashe lissafi ne tsagwaronsa.

A nan Malam ya fara ambata mini Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wato Bakatsine. Daga baya na bi diddigin labarinsa. A Katsina ya tashi, ya yi karatu wurin manyan malamai, cikinsu har da Muhammadu Alwali na Bagarmi. Sannan ya kama hanyar aikin hajji. Ku tuna fa, zamanin babu jirgi babu mota, sai ƙafa da raƙumi, mutum in ya yi sallama da gida ana yi masa kuka kamar na mutuwa. Bayan Makka da Madina sai ya sauka Alƙahira, kuma bai sake komowa ƙasar Hausa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, baƙo ne baƙin fata a birnin Azhar, inda malamai suka yi yawa kamar rake a kasuwar Makarfi, amma sai ga shi ana zama gabansa ana ɗaukar karatu. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina irin waɗannan gidaje masu layi mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, da ƙa'idar da za ka bi ba tare da lalube ba. Na biyar-biyar, in an zuba 1 zuwa 25, kowane layi 65 yake bayarwa. Kuma ku ji wani abu, ku masu son labarin soyayya: a cikin nasiharsa ga ɗalibai, da masoyi ya kwatanta mai neman wannan ilimi, saboda nacinsa. Ashe malaman da ma sun san zancen!

Wanda ya sauke shi a gidansa shi ne Shaihu Hasan Aljabarti, wanda shi ma kakanninsa baƙi ne daga wajen Habasha. Ya karɓe shi, ya kuma yi karatu a wurinsa. A gidan nan Bakatsinen ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa amanar littattafansa. Ɗan gidan, Abdurrahman Aljabarti, shi ya zama shahararren marubucin tarihin Misira, ya kuma sa sunan baƙon mahaifinsa a littafinsa. Allah Ya jiƙansu.

Ni kuwa kwana huɗu na yi ina fama da na biyar-biyar a bayan littafin Hausa, har Inna ta fara zargin wasiƙar saurayi nake ɓoyewa. Da ya fito daidai na ruga zaure ko mayafi babu. Malam ya bi layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Je ki kira mini ubanki."